Yadda Ake Tare Tsila Tun Daga Teburin Mahauci, da Yadda Ake Fitar da Ita Idan Ta Riga Ta Shiga

Tsilar naman shanu, wadda likitoci ke kira Taenia saginata, tsakanin mutum da saniya take rayuwarta. Babbar tana zaune a ƙaramin hanjin mutum, ta kafa kai a jikin hanjin, sauran jikinta kuwa gaɓa-gaɓa ne, fari mai faɗi. Tsawonta yakan kai mita 4 zuwa 12, gaɓoɓinta 1,000 zuwa 2,000. Kullum waɗanda suka nuna a can wajen wutsiya sukan tsinke su fita, kowace ɗauke da ƙwai da zai iya kai 100,000. Idan mai ita ya tsuguna a fili ko a bakin rafi, ƙwan ya zauna a ciyawa, yakan yi watanni bai mutu ba. Saniya ta zo kiwo ta haɗiye, ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ya bi jini ya je ya maƙale a tsoka, ya zama 'yar jakar ruwa. Wanda ya ci naman nan wuta ba ta ratsa shi ba, jakar za ta buɗe a cikinsa, bayan wata biyu zuwa uku shi ma ya fara zubar da gaɓoɓi.

Yawancin shanun da ake yankawa a Kumasi daga nesa suke. Wasu daga arewacin Ghana, wasu daga Burkina Faso da Mali da Nijar, sun shigo ta Paga ko Bawku, wasu kuma daga wajen Agogo. Babu mai iya gaya maka a wace fadama kowace ta yi kiwo, kuma saniyar da ke ɗauke da jakunkunan nan lafiya lau take a ido, har da ƙibarta. Don haka abin da ke hannunka shi ne inda ka saya, yadda ka dafa, da abin da za ka yi ranar da ka ga alama.

Mataki na farko: wurin saye

Sayi nama wurin mahaucin da ka san daga mayanka yake ɗaukowa. Babbar mayankar Kumasi tana Kaase, a can ne ma'aikatan lafiyar dabbobi ke duba naman kafin a loda shi zuwa kasuwanni. Tambaya ba ta ɓata ciniki. Ko a Asawase ko a Aboabo, uwargida tana iya cewa, "Sarkin fawa, wannan na Kaase ne ko yankan gida?" Mahaucin kirki ba zai ɓata rai ba, sai dai ya ce, "Haba Hajiya, ga hatimi nan," ya juya mata cinyar ta gani.

Masu dubawa sun san inda jakunkunan suka fi taruwa: naman kumatu, harshe, zuciya, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Nan suke tsagawa da wuƙa. Amma a sani, ba za su yayyanka saniya guda filla-filla ba, kuma idan jakunkunan 'yan kaɗan ne, sau da yawa suna wucewa ba a gan su ba, har a ƙasashen Turai. Hatimi yana rage haɗari ne kawai.

Idan kin kawo kai ko harshe ko zuciya gida, ki yanka da rana a inda haske yake, ki riƙa duban fuskar kowane yanka. Jakar ba ta wuce ƙwayar shinkafa zuwa ƙaramin wake ba, tana kwance tsakanin zaren tsoka, garai-garai, da ɗan farin ɗigo a ciki. Ɗigon nan shi ne kan tsilar. Kitse idan kin murza shi da yatsa shafewa yake, ita kuwa fashewa take ruwa ya fito. Wadda ta mutu takan koma rawaya-rawaya, ta yi tauri, ki ji ƙaras a bakin wuƙa. Ganin matacciya ba ya nufin an tsira, domin inda aka sami ɗaya ana iya samun mai rai a kusa. In ɗaya ce ko biyu, a yanke wurin a jefa wuta, sauran naman a yanka ƙanana a tafasa shi sosai. In kuwa duk inda wuƙa ta bi sai an gani, wannan nama ba na ci ba ne. A mayar wa mahauci, shi kuma ya nuna wa likitan dabbobi, don ragowar saniyar tana kan teburinsa ko ta riga ta shiga gidajen mutane.

Mataki na biyu: wuta

Nan ne maganar take. Jakar tsila ba ta jure zafi. Da tsakiyar nama ya kai kimanin digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, ta mutu. Ƙa'idar da hukumomin lafiya na Amurka ke bayarwa ita ce gundumen nama ya kai digiri 63 a tsakiyarsa, a bar shi minti 3 kafin a yanka, niƙaƙƙe kuma ya kai digiri 71. 'Yan kaɗan ne a zango ke da ma'aunin zafin nama, don haka wuƙa ce ma'auninmu. A tsaga gunduma mafi kauri a daidai tsakiyarta. Idan akwai ja ko ruwan hoda, ko ruwan da ke fitowa yana da jini-jini, a mayar wuta.

Girkin gida na yau da kullum ba shi da matsala. Naman da ya sha tafasa a miyar tuwon zafi, ko na waakye da aka tafasa aka soya aka kuma jefa a miya, ko farfesu da ragadada da dambun nama, duk sun wuce wurin. Ramin da matan gida ke faɗawa shi ne ɗanɗano. An niƙa nama za a yi samosa ko a cusa a fulawa, an zuba gishiri da magi, sai a ɗan lasa a ji ko ya ji. Wannan ɗan lasar ya isa a kamu. A ɗebi kaɗan a soya a gefen kasko, sannan a ɗanɗana. Haka katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai, kada a yanka albasa da tumatirin da za a ci ɗanye a kansa sai an wanke da sabulu, shi da wuƙar.

Gashi shi ne mai wuyar sha'ani. Garwashi mai ƙarfi yana ƙona bayan nama tun zafi bai kai ciki ba. Tsire, wato cicinga, idan an fere shi siriri aka jera a tsinke ba a cunkusa ba, wuta takan ratsa shi da sauri. Wanda aka yanka gunduma-gunduma aka matse su a tsinke ɗaya, inda gunduma ta haɗu da 'yar'uwarta nan ne yake zama ja. Balangu ya fi, saboda kaurinsa. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba bayan sallar isha ya san yadda abin yake. Mai tsire ya yi rabin gashi tun da yamma ya tara a gefe, mutane sun yi layi, wannan na cewa a ba shi na sidi kaza, wancan na cewa motarsa za ta tashi. Sai ya ɗauko, ya shafa mai, ya juya sau biyu a kan wuta, ya yayyanka a takarda, ya barbaɗa yaji. Ƙwan lantarkin da ke rataye a kansa ja-ja yake haskawa, yaji da ƙuli-ƙuli sun rufe launin naman, ba ka ganin komai.

Ga abin yi. Kafin ya barbaɗa yaji ka ce ya tsaga maka mafi kauri, ka haska da fitilar wayarka. In ka ga ja, ka ce, "Malam, a ɗan ƙara masa wuta, ba na sauri." A gefen garwashi ake so ya zauna ya ɗan jima, ba a tsakiyar harshen wuta ba. Wasu za su ce ai naman zai bushe, daɗinsa a ruwa-ruwan yake. Gaskiya ne yana ɗan rage laushi, amma mai gashin da ya iya aikinsa yana fitar da nama nunanne mai taushi, da ƙaramar wuta da yawan juyi. In ka sami irin wannan ka riƙe shi.

Yaji ba ya kashe jakar tsila, komai zafinsa. Lemun tsami ba ya kashe ta, haka tafarnuwa da citta. Shanya a rana ko turara hayaƙi sama-sama su ma ba abin dogaro ba ne. Abin da ke sa hankali ya kwanta da kilishi shi ne sirantarsa da gashin ƙarshe da ake yi masa a kan garwashi, don haka kada a tsallake wannan gashin. Masu zuwa manyan otal su ci gasasshen naman Turawa mai jini a tsakiya, su ce a gasa musu shi har ciki. A Habasha, inda ɗanyen naman shanu abincin alfarma ne, tsila ta zama ruwan dare tun zamanin da, har suna da wani furen itace da ake kira koso da suke sha don fitar da ita, wanda in an zarce kima yake taɓa gani.

Mataki na uku: sanyi, ga mai firiza

Ƙanƙara tana kashe jakar, amma da sharaɗi: digiri 10 ƙasa da sifili ko fiye da haka sanyi, kwana 10 a jere. Da wannan ne mayanka ke ceto naman da cutar ba ta yi yawa a cikinsa ba. Babbar firiza ta akwati tana kaiwa, ɗan ɗakin ƙanƙara na saman ƙaramin firji ba lallai ba. A raba naman ƙulli-ƙulli kada ya yi kauri, don tsakiyar babbar cinya takan daɗe ba ta daskare ba. Idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo naman ya saki, lissafi ya koma farko. Da irin wutar lantarkinmu, ni dai ba zan jingina da firiza kaɗai ba.

Ranar layya da yankan gida

A babbar salla, da sunan jariri, da watandar ƙarshen azumi, saniya tana faɗuwa a ƙofar gida babu likitan dabbobi ko ɗaya a wurin. Aikin dubawa ya dawo kanku ke nan. Wanda ke fiɗa ya tsaga kumatu biyu a tsaye, ya shafa harshe ya tsaga ƙarƙashinsa, ya buɗe zuciya ya yi mata yanka uku ko huɗu, ya duba tantani. Minti kaɗan ne. A kuma sa ido a kan yara, domin su ne ke tsinto 'yan guntaye su soka a tsinke su kara a wuta, baya ya yi baƙi su cinye. A ba su babba ɗaya ya tsaya a kansu.

Wannan tsilar ba ta zama a naman rago ko akuya. Amma ɗanyen namansu yana iya ɗaukar wata cutar da ke illa ga ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta ci wanda ya dahu kawai. Kuma idan an ga manyan jakunkunan ruwa a hanta ko huhu, a ƙona ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare. A cikin kare suke zama wata tsilar, ƙwanta kuma ya dawo wa mutane ta kashinsa.

Yadda za ka gane ta shiga

Yawancin masu ita ba sa jin komai, sai su yi shekaru da ita. Wasu suna jin ɗan murɗar ciki, tashin zuciya, yunwa mai yawa ko rashin son abinci, wani lokaci ɗan rama. Zancen cewa tana cinye duk abin da ka ci har ka zama ƙashi da rai, an ƙara masa gishiri. Mai ƙiba ma yana iya ɗauke da ita.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce gaɓar. Fara ce, shimfiɗaɗɗiya, tsawonta kamar santimita 2, faɗinta ya ɗan wuce rabin santimita, kuma tana motsi, tana miƙewa tana tsukewa. Ana ganin ta a kan bahaya, amma ta naman shanu ba ta jiran bahaya: da kanta take rarrafowa ta dubura, mutum yana zaune a shago ko yana cikin tirotiro ya ji wani abu mai sanyi yana bin cinyarsa, ko ya gan ta a wando ko a zanen gado. Macijin ciki daban ne, shi dogo ne mulmulalle. 'Yan ƙananan fararen tsutsotsi masu sa yara susa da dare su ma daban ne. Bambancin yana da amfani, domin maganinsu ba ɗaya ba.

Kunya ce ke sa mutane su yi shekara suna wanke wando a ɓoye. Babu abin kunya a nan, nama ka ci kamar kowa.

Gwaji

Ka sa leda a hannu ko ka yi amfani da tsinke, ka ɗauki gaɓar ka jefa a kwalba mai tsabta da ɗan ruwa, ka rufe, ka wanke hannu da sabulu. Ka ɗauki hotonta da waya ma, don idan ta bushe kamanninta na canzawa. Ka tafi asibiti da katin inshorar lafiyarka, ko Manhyia ko wanda ya fi kusa da kai. Za a ba ka 'yar roba ka kawo bahaya, sau da yawa na kwana uku daban-daban, domin ƙwan ba kullum yake fitowa ba. Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke ka ba. Wanda kuma ya ci ɗanyen nama jiya ya ruga gwaji yau, ba za a ga komai ba sai tsilar ta girma, bayan wata biyu zuwa uku.

Dalilin kai gaɓar kanta shi ne, a ƙarƙashin madubin likita ƙwan tsilar shanu da na tsilar alade kamarsu ɗaya sak. Da gaɓar ake rarrabewa, ta hanyar ƙirga rassan mahaifar da ke cikinta: ta alade 7 zuwa 13 a kowane gefe, ta shanu ta fi haka yawa.

Magani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shiga kantin magani a ce a ba da maganin tsutsa, a haɗiyi ƙwaya ɗaya ta albendazole ko mebendazole, irin wadda ake sha duk bayan wata uku. Wannan tana aiki a kan macijin ciki, amma sha ɗaya ba ya isar tsila. Tsilar takan zubar da wani sashe na jikinta, mutum ya ga an daina gani ya ce ya warke, alhali kan yana nan a maƙale. Kan bai wuce milimita 2 ba, kuma daga shi take sake tsirowa. Haka abin yake da yawancin jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tashar mota: su sa ka zawo, ka ga dogon abu ya fita, bayan wata uku gaɓoɓi su dawo.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne praziquantel, wanda ake raba wa 'yan makaranta a Ghana saboda tsargiya, sai dai awon na tsila ya fi ƙanƙanta. Sha ɗaya ne, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ƙwayar miligiram 600 ce, don haka mai kilo 60 ƙwaya ɗaya ke nan a babban awo. Tana da ɗaci ƙwarai, a haɗiye ta da ruwa tare da abinci, kada a tauna. Takan kawo jiri da kasala, don haka direba da mai okada su huta ranar da washegari. Akwai kuma niclosamide, giram 2 ga babba sha ɗaya, shi kuma taunawa ake yi sosai. Inda babu waɗannan, likita na iya rubuta albendazole miligiram 400 kwana 3 a jere.

Na kawo awon ne don ka fahimci abin da aka rubuta maka, ba don ka rubuta wa kanka ba. Kafin a ba ka, ka gaya wa likita idan ka taɓa yin farfaɗiya, ko kana da ciwon kai mai naci, ko matsalar gani, ko wasu ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fata. Ka faɗa idan kana shan maganin tarin fuka, domin rifampicin yana karya ƙarfin praziquantel. Mai ciki da mai shayarwa su ma su faɗa.

Bayan an sha, ba lallai ka ga tsilar ta fito ɗungurungum ba, sau da yawa narkewa take a hanji. Kwanakin farko bahayan cike yake da ƙwai, don haka masai kawai, da sabulu bayan tsarki. A koma gwaji bayan wata 1, a sake bayan wata 3. Idan wata uku suka cika babu gaɓa babu ƙwai, an rabu. Waɗanda kuke cin kwano ɗaya da su, a tambaye su ko sun ga wani abu. Ba daga jikinka za su ɗauki ta shanu ba, amma naman da ka ci su ma sun ci.

Ta alade, da dalilin da ya sa ta shafe mu

Wani zai ce mu da ba ma cin alade ina ruwanmu. Cin naman ne ke sa babbar tsilar, Taenia solium, a hanji, wannan kam mun kuɓuta. Amma ƙwan da mai ɗauke da ita ke fitarwa, idan ya shiga bakin wani ta hannu marar wanki ko abinci ko ruwa, a jikin mutum yake yin jakunkunan, a tsoka, a ido, har a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankunan da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. A 1992 an wallafa rahoton wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba sa kusantar alade, aka same su da jakunkunan a ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna ta hannun masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da cutar take ne ta fi yiwuwa ta shigo.

Kumasi gari ne na kowa da kowa, kasuwa ɗaya muke ci, famfo ɗaya, gidan wanka da bahaya ɗaya. Wannan ba dalilin zargin maƙwabci ko 'yar aiki ba ne, sabulu ne maganin abin. Buta da ruwa sun cika tsarki, amma ba sa fitar da ƙwai daga ƙarƙashin farce. A bi da sabulu, a yanke farce, musamman mai girki da mai sayar da abinci. Latas da kabejin da ake ɗorawa a kan waakye, da yawa da ruwan rafukan cikin gari ake ba su, ruwan da kwatoci ke zuba a ciki. A ware ganyen ɗaya-ɗaya a wanke a ruwa mai gudu ana murzawa. Jiƙawa a ruwan gishiri kaɗai ba ya kashe ƙwan.

Babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, a kai shi asibiti irin Komfo Anokye inda ake hoton ƙwaƙwalwa, ko da ana yi masa addu'a da tofi a gida. Kada a ba shi praziquantel da ka, domin jakunkunan idan suka fara mutuwa ƙwaƙwalwa na kumbura, shi ya sa likitoci ke haɗawa da maganin kumburi da na farfaɗiya.

Ga masu shanu

Mai turke a bayan gida da mai garke a daji, ta wajenku ne saniya ke ɗauka. Mutum ɗaya mai tsila da ke tsugunawa a inda ake kiwo ya isa ya shafa wa garke guda. A yi wa makiyayi da yaran da ke yankan ciyawa gwaji, wanda aka samu a yi masa magani. A haƙa masai a rugga nesa da mashaya, a rufe bakinsa. Kada a yanko ciyawa daga bakin kwata, ko bayan gidan bahaya na haya, ko inda motar kwasar masai ke juyewa, duk da cewa nan ciyawar ta fi kore da tsawo. Fo ɗin yara a juye shi a masai, ba a bola ba, haka ledar da wasu ke ƙullewa da dare su wurga a rafi, domin da ruwan sama ya sauko, fadamar da shanu ke kiwo take ƙarewa.